Hypothesis: me za mu ce wa ɗan aji biyu?

1/ Malaman firamare da masu fassara, ku matso. Kalmar Turanci ta kimiyya, hypothesis, nake nema wa suna a Hausa, wanda ɗan shekara bakwai zai faɗa ba tare da ya ciji harshe ba.

2/ Ga inda buƙatar ta taso. Akwai tsohuwar tatsuniyar Girkawa da ake jingina wa Aesop: hankaka ya ji ƙishi, ya tarar da tulu ruwa can ƙasa, sai ya dinga jefa tsakuwa har ruwan ya hauro ya sha. Malama ta gama labari, ta ajiye kwalba da tsakuwa a gaban yara, ta ce, "Kafin mu jefa, me kuke gani zai faru, kuma don me?" Amsar da yaro zai bayar a wannan gaɓar ita ce ba ta da suna.

3/ Na fara da hasashe, don shi kunne ya saba ji a rediyo. Amma hasashe hangen gaba ne, kamar na yanayi ko na zaɓe. Mai hasashe zama yake ya jira. Mu kuwa so muke yaro ya tashi ya ɗauki tsakuwa.

4/ Canka sa'a ce kawai, babu dalili a cikinta. Kintace ya fi dacewa da yawa ko nisa.

5/ Saura zato, kuma na san abin da za ku ce: zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Na daɗe ina juya wannan. Sai dai zaton da aka hana shi ne wanda ake yi wa mutum, a riƙe a zuci ba bincike. Tsakuwa ba ta da mutuncin da za a zubar. Shi ya sa nake ganin a ɗaura masa gwaji a ce "zaton gwaji", wato zaton da aka yi shi don a gwada, in ya faɗi a watsar. Asalin kalmar hypothesis a Girkanci ma abin da aka aza a ƙasa take nufi, wanda za a ɗora wani abu a kai.

6/ Kuma zaton yakan faɗi, nan ne daɗin wasan. In ruwan kwalbar ya yi kaɗan sosai, maƙalewa zai yi a tsakanin tsakuwoyin, kwalba ta cika bai kai baki ba. Yaron da ya rantse hankaka zai sha sai ya sake lale.

7/ Manya ma sun yi wannan wasan. A 2009 masu bincike Christopher Bird da Nathan Emery a Ingila sun ba wasu tsuntsaye dangin hankaka dogon bututu mai ruwa da tsutsa a kai. Suka jefa duwatsu har suka cim mata, suka kuma koyi zaɓar manyan duwatsu a kan ƙanana.

8/ A aji dai malama za ta ce, "Mene ne zatonka? Zo mu gwada." Wannan ya zauna a baki. Jam'in ne ya dame ni: "zace-zacen gwaji" ya yi nauyi a littafin aji biyu. Mai gajeriyar da ta fi wannan ya kawo, amma ya haɗo da jimlar da malama za ta sa ta a ciki.