Shawarar masu horarwa a Gombe ga ɗan damben da ke son shiga MMA

Masu horar da 'yan damben zamani a Gombe sun daɗe suna jayayya kan yadda ɗan dambe zai shiga MMA, wato faɗan da ya haɗa dambe, kokawa da hauri, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan tsayuwa. Ɗan dambe yakan tsaya a karkace, nauyinsa a ƙafar gaba, shi ya sa ake saurin haure masa ƙwauri ko a sure shi a kai ƙasa. Haka ɗan MMA Randy Couture ya yi wa ɗan dambe James Toney a 2010, ya shaƙe shi tun turmin farko. Saboda haka kokawa za a fara koya, musamman hana kamun ƙafa.

Safar MMA oza 4 ce, ta dambe 8 ko 10, don haka rufe fuska da hannu biyu ba ya tare naushi, sai an kauce. Turmin MMA kuma minti 5 ne, ba 3 ba kamar na dambe.

Masu kafa hujja da Francis Ngannou cewa sauya wasa abu ne mai sauƙi, wato ɗan MMA da ya kai ɗan dambe Tyson Fury ƙasa da naushi a wasan dambe a 2023, an tuna musu cewa ɗan dambe Anthony Joshua ya sumar da Ngannou a turmi na biyu a 2024. Wanda aka sumar, lallai likita ya duba shi kafin ya koma atisaye.