Tsofaffin ordinata na siber ɗina, in zubar ko in gyara?

Ɗan_Adar: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da ɗan siber nan Tawa, ordinata shidda irin na tebur masu ƙaton akwati, tun 2014 nike aiki da su. Yanzu Windows 10 ta daina samun gyara tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 ta ƙi hawa kansu, ga shan kuran kamar mi, in wuta ta tafi sai grup, esansi kuwa kun san yadda ake ciki. Wani ya ce in kwashe su in ba masu sayen ƙarfe in sayo sabbi. Mi kuka gani?

Tekinisiya_Yamai: Wa alaikumus salam yaya. Kar ka zubar wallahi. 11 ɗin wani ɗan guntun tsaro take nema, TPM 2.0, shi ne naka ba su da, ba wai injin ya mutu ba. Cire tsohon diski ka sa SSD, sabon irin diski mai sauri, ƙara RAM (memuwar aiki) ya kai giga 8, ka hau da Linux Mint maimakon Windows, kyauta ne, za ka rantse sabbi ne. Kuma ka riƙa buɗe su kana hure ƙura, rabin ordinatan da ake kawo mani ƙurar hunturu ce ta toshe vantilo har suka riƙa mutuwa don zafi.

Maman_Sadiya: Ƙanena don Allah ko mi za ka yi kar su faɗa hannun masu ƙona waya. Je ka inda ake fasa tsofaffin kaya ka ga yara na ƙona igiyoyi don su fidda jan ƙarfe, baƙin hayaƙin nan su ke shaƙa, ga dalma cikin tsofaffin ekran masu ƙaton ƙeya da batura, ruwan sama ya zo ya tafi da ita ƙasa. A 2022 kaɗai duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar lantarki, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a sarrafa yadda ya kamata ba. Kuma yawancin ɓarnar ordinata wajen ƙera ta ne, to sabuwa ba ita ce tsabta ba.

Mai_Panno: Gaskiya ne Hajiya, amma kuran fa? Na tebur da ekran sai ya sha wat ɗari da wani abu, portabul kuwa ko rabin haka bai kai ba kuma da batirinsa. Ni da ni ne, duk wanda ya mutu in musanya da portabul na hannu, in kafa panno na hasken rana sannu sannu. Rana dai ba mu rasa ta ba, ga tashar lantarki ta hasken rana ta Malbaza nan kusa da ku da megawat 7 tun 2018.

Ɗan_Adar: Na gode. To Linux ɗin nan, ƴan lakwal masu zuwa da takardun Word fa?

Tekinisiya_Yamai: LibreOffice, mai aiki irin na Word cikin Linux, na buɗe su, sai dai tablo kan ɗan goce wani lokaci. Fara da guda biyu ka gani, wanda ke haɗe da firinta ka bar shi tukuna.