Ƙaramin asibitin dabbobi: a sayi na'urar sikanin, ko a riƙa kiran mai yawo da ita?

Likitar Dabbobi, Kano:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin asibitin dabbobi a bayan garin Kano, kuma yawancin masu zuwa wurina masu kiwon tumaki da awaki ne a gida, sai masu turka raguna idan Babbar Sallah ta ƙarato, sai kuma 'yan gonakin madara da kan kira ni jefi-jefi. Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko dabba ta ɗauki ciki, alhali a tunkiya da akuya ba ni da hanyar tabbatarwa da wuri, sai dai in ce a ƙara haƙuri. Kwanakin baya wani abokin aiki ya yi mini tayin zai riƙa zuwa da na'urar sikanin ta tafi-da-gidanka mai aiki da batir, ya duba dabbobi a asibitina, mu raba abin da aka samu. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka: in karɓi tayin, ko in daure in tara kuɗi in sayi tawa?

Tsohon Likita, Zariya:

Wa alaikumus salam, Dokta. Shawarata ita ce ki karɓi tayin tukuna, domin abin da ake biya a aikin sikanin idon mai karanta hoton ne, kuma wannan ido ba a sayar da shi tare da na'ura. Abin da kan na'urar, wato ɓangaren da ake ɗora wa dabba a jiki, yake yi shi ne aika wani sauti da kunnen mutum ba ya iya ji cikin jikin dabba, ya karɓi amsa-kuwwar da ta dawo, sai ruwa ya fito baƙi a allo, ƙashi ya fito fari, sauran naman jiki kuma toka-toka. Wanda bai saba ba yana iya ganin mafitsara cike da fitsari ya ce mahaifa ce mai ciki, kuma a akuya akwai cikin ƙarya, inda mahaifa ke cika da ruwa ba tare da ɗa ba, wanda ba a gane shi sai an lura cewa babu ɗan tayi kuma babu ƙullutun mabiyiya.

Game da dabbobin da kika ambata, tunkiya da akuya suna haihuwa ne bayan kimanin kwana 150. Idan aka duba su ta fatar ciki, a gefen dama kusa da hantsa inda gashi ba shi da yawa, ana iya tabbatar da ciki daga wajen kwana 35 zuwa 45 bayan barbara. Ƙidaya 'ya'ya kuwa ta fi sauƙi tsakanin kwana 45 da 90, saboda bayan nan sun yi girman da ba za su shiga allo tare ba. Kada ki raina wannan ƙidayar. Tunkiya mai tagwaye ko 'yan uku, idan ba a ƙara mata abinci a makonni shida na ƙarshe ba, takan kwanta ta kasa tashi, kuma sau da yawa a rasa uwa da 'ya'ya gaba ɗaya. Mai kiwon da aka gaya masa tun da wuri wace ce mai tagwaye zai ware ta, ya kashe kuɗin ƙowa da harawa a inda ake buƙata.

A saniya aikin ta dubura ake yinsa, da miƙaƙƙen kan na'ura mai megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sautin) 5 zuwa 7.5, kuma ana ganin ciki daga kwana 28 zuwa 30, har da bugun zuciyar ɗan tayi, yayin da lalube da hannu yakan buƙaci kwana 35 zuwa 45. To, ga inda masu saye ke faɗawa rami: kan da ya dace da duburar saniya ba shi ne ya fi dacewa da cikin tunkiya ba, wanda ke son lanƙwasasshen kai mai megahaz 3.5 zuwa 5 don ya kutsa da zurfi. Saboda haka kafin ki ƙulla da abokin aikin naki, ki tambaye shi irin kawunan da yake da su. Ki kuma sa sharaɗin cewa za ki tsaya a gefensa, ya riƙa ba ki kan na'urar kina gwadawa. Idan hannunki ya faɗa, kuma kin ga yawan masu nema zai mayar da kuɗin, sai ki sayi taki.

Manajan Gonar Madara:

Ranka ya daɗe Tsohon Likita, bayaninka ya gamsar, amma a ba ni dama in yi magana a madadin mu masu biyan kuɗin. A wurinmu amfanin sikanin bai tsaya ga sanin saniyar da ta ɗauka ba. Wadda ba ta ɗauka ba ita ce ta fi damunmu, domin saniya tana neman bijimi ne kusan duk kwana 21, kuma duk zagayen da ya wuce ba a sani ba asarar madara ce da ɗan maraƙi. Tun da muka fara ɗura wa shanu maniyyi, dubawa da wuri ta zama dole.

Sai dai Dokta, ki tsayar masa da rana guda sananniya, ki tara dabbobin kafin ya iso, domin kuɗin mota da wahalar hanya ba za su fita a kan akuya biyu ba. Ki kuma sa ido kan tsabta. Mutumin da ke fita daga wannan garke ya shiga wancan yana iya zama mai rarraba cuta, musamman bakkale da ke sa shanu ɓari kuma take kama mutane. Doguwar safar hannu sabuwa ga kowace saniya, da wanke kan na'urar da takalma da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a shiga wata gona, ba abin da za a yi wa alkunya ba ne. Na taɓa sallamar wani daga bakin ƙofa saboda takalmansa.

Likitan Dawaki, Kaduna:

'Yar'uwa Dokta, na yarda da manya, amma ina da ja a kan abu ɗaya. Duk maganar da aka yi ta aikin da ake iya tsara wa rana ce, alhali kin ambaci ragunan layya, kuma matsalarsu ba ta jiran ranar da mai na'ura zai zo. Ragon da aka turke ana ɗura masa dusa da hatsi, ga ƙarancin ruwan sha, yana yawan kamuwa da tsakuwar mafitsara. Za ki gan shi yana yunƙuri, yana kaɗa jela, yana cizon haƙora, fitsarin kuma sai ɗigo ko babu. A nan sikanin ne zai nuna miki ko mafitsarar ta kumbura ne kawai, ko ta riga ta fashe fitsari ya malale cikin ciki, kuma wannan bambancin shi ne zai raba tsakanin a yi ƙoƙarin ceto da a gaya wa mai rago gaskiya. Haka nan karyar da mahaifarta ta cika da mugunya, aikin tiyata ne na gaggawa. Don haka ki sa a yarjejeniyarku yadda za a yi da kiran gaggawa da kuɗinsa, ki kuma san asibiti mafi kusa da za ki tura idan bai samu zuwa ba.

Wata tunatarwa ita ce sautin ba ya ratsa ƙashi ko iska, saboda haka karaya aikin hoton ƙashi ne, kuma tumbin da ya cika da iska yakan rufe abin da ke bayansa. Ki tabbatar kuma mutumin likitan dabbobi ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, ya kuma riƙa barin rubutaccen rahoto da hotuna a fayil ɗin kowace dabba, domin idan saɓani ya taso, ƙofar asibitinki mai dabba zai ƙwanƙwasa.

Likitar Dabbobi, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Abokin aikin nawa likita ne mai rajista, kuma na tambaye shi ya ce yana da kawuna biyun da Baba na Zariya ya ambata. Zan fara da rana ɗaya a mako, da sharaɗin koyo da na kiran gaggawa a rubuce. Abin da ya rage mini shi ne yawancin masu kiwon gida ba sa rubuta ranar barbara, tunda rago da tumaki tare suke kwana, don haka ina roƙon Baba ya ƙara mana bayani kan yadda ake ƙiyasta kwanakin ciki daga girman kan ɗan tayi a allo.