Tsohuwar gangar lantarki Alesis D4: tana kawo wuta amma babu sauti

Sauti Ringim

Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin gangunan lantarki. Wani saiti ne ya shigo hannuna cikin kayan gwanjo: akwatin sauti Alesis D4, faifan roba 4 na Roland samfurin PD-7, da na ƙafa guda, KD-7. Babu adaftarsa ta asali, sai wata mai 9V irin ta rediyo da aka haɗo da ita. In na jona, gilashin gaba yana kawo haske, rubutu ma yana fitowa, amma ko na ƙure ƙara babu abin da ke fita sai gurnani. Nufina in riƙa haɗa shi da kayan sautin da muke kaiwa bukukuwa a ƙauyukan nan namu, inda janareta ne kawai abin dogaro. Akwatin ya mutu ne, ko da sauran numfashi? Sannan mai kayan yana da wasu faifai masu kusurwa shida, an rubuta Simmons a jikinsu, ya ce in ƙara kuɗi in kwashe. Sun cancanta?

Mai Gyara Kazaure

Wa'alaikumus salam. Ɗana, zare wannan adaftar tun kafin ka gama karanta amsar nan. Juya akwatin ka duba rubutun da ke gefen ramin wuta, za ka ga 9VAC. Haruffa biyun nan na ƙarshe su ne matsalarka. D4 da ta fito a 1991, da ƙanwarta DM5 ta 1995, har da injin gangarsu SR-16, duk wutar AC suke ci, wato mai kai da komo irin ta soket. Adaftarsu taransifoma ce zalla, babu diyod, babu kafasita a cikinta. A cikin akwatin ake raba wutar kashi biyu, fositif da negetif, domin sashen da ke fitar da sauti sai da duka biyun yake aiki. Adaftar rediyo DC take bayarwa irin ta batiri, wato gefe ɗaya kawai. Shi ya sa gilashi ya samu nasa ya haska, sashen sauti kuwa ya zauna da yunwa. Sau da yawa babu abin da ya ƙone, in dai ba a daɗe ana gana masa azaba ba.

Ba sai ka wahalar da kanka neman ta asali ba. Ka samu taransifoma mai karɓar 230V ta ba da 9V, mai ƙarfin amp 1, wajen masu sayar da kayan gyaran lantarki a Sabon Garin Kano. Ka tafi da akwatin domin a gwada kan filogin da zai zauna daram, kada ya riƙa rawa. Sa fiyus na 250mA a wayar da ke shiga taransifomar, ka rufe ta cikin akwatin roba mai ƴan huji don shan iska. Kafin ka jona, ɗora mita a kan AC ka auna. In ka ga 10V ko 11V kada ka tsorata, haka take nunawa in babu kaya a kanta. In ta haura 12V, wannan ba taka ba ce.

Ko da wata rana ka ci karo da adaftar Alesis ta asali, karanta jikinta tukuna. Wadda aka yi wa Amurka 120V take ci, kayan Japan kuma 100V, mu a nan 230V muke. Ka cusa ta a soket ɗinmu kai tsaye, ƙauri ne zai sanar da kai. Kada kuma ka ɗauka duk adafta mai 9V ɗaya ce: ƙananan injinan gangar Roland irin TR-505 DC suke ci, kuma negetif ne a tsakiyar filogin. Manna wa kowace adafta takarda da sunan na'urarta, saboda yaran da ke taya ka haɗa kaya da daddare ba karantawa za su tsaya yi ba.

Batun janareta: kada D4 ta kasance a jone lokacin da ake tayar da inji. Bari ya yi minti biyu ko uku muryarsa ta daidaita. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa. Lokacin da mai ya kusa ƙarewa inji ya fara shaƙewa yana sama yana ƙasa, a nan kaya suka fi mutuwa, don haka a sa wani ya riƙa leƙa tanki. Akwatin nan wutar da yake ci ba ta kai wat 10 ba, ƙaramar inbata da batirin sola sun ishe shi, kuma sun fi masa lafiya. Amma inbatar ta zama mai tsabtatacciyar wuta. Mai arhar nan tana sa taransifoma zafi, tana kuma cusa zuuu a sifika.

Sauti Ringim

Allah ya saka da alheri, Baba. An haɗa taransifomar kamar yadda ka ce, mita ta nuna 10.4V, kuma sauti ya fito tas. Sai dai ga sabuwa: faifai ɗaya shiru ko an doke shi, wani kuma bugu ɗaya sai ya amsa sau biyu. In na taka na ƙafa, na kusa da shi ma sai ya yi magana. Gefen faifan kuwa ba ya ba da sauti na daban, alhali an ce mini PD-7 murya biyu gare shi. Kuma duk abin da na saita, in na kashe na kunna sai in tarar ya watse.

Injiniya Wudil

Madalla. Ƙanena, bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma fara da mai sauƙi. Wanda ya yi shiru, canja masa waya da ta wanda ke aiki, sannan canja masa rami a bayan D4, ai ramuka 12 gare ta. In har yanzu shiru, jona faifan kai tsaye a miksa, rage ƙara sosai, ka ƙwanƙwasa da yatsa. Mai rai zai ce tak a sifika. In babu, sai a buɗe.

A ciki babu wani abin mamaki. Wani ɗan faifan tagulla ne mai farin shafe a tsakiya, ana ce masa piezo, irin wanda ke cikin ƙananan na'urori masu ƙara tsit-tsit. Girgizar bugu yake mayarwa wuta. Abu uku ke samunsa: waya ta tsinke a inda aka ɗiga dalma, farin ya tsage, ko gam ya saki. Auna faɗin tsohon ka nemi daidai shi, galibi milimita 27 ne ko 35. Sayi wanda ya zo da wayoyinsa a haɗe, domin farin nan ba ya jure zafi: ƙarfen dalma ya wuce daƙiƙa biyu a kansa, shafen ya ɗaye, ka yi asara. Ɗauki hoto kafin ka cire komai, ka mayar da ja inda ja take. Wajen mannawa kada ka kusanci gam mai ƙamewa kamar dutse, shi ke fasa piezo. Tef mai soso mai manne fuska biyu ake sawa, bayan ka goge wurin da sifirit ya bushe. Ka bar wa wayar ɗan sassauci, ka danne ta da tef, kada ta riƙa kaɗawa a ciki.

Mai amsawa sau biyu ma duba mannensa, piezo da ya fara saki yana tsalle bayan bugu. In manne lafiya, to saiti ne. Shiga shafin tiriga a D4, wato inda ake saita yadda akwatin ke jin bugun faifai, ka bi wannan tsari kada ka tsallake. Gain da farko, wato ƙarfin jin bugu: doka da iyakar ƙarfin da za ka yi a filin biki, ka rage har sai wannan bugun ne kaɗai ke kai ma'aunin ƙarshe. Yawancin mutane suna ƙure Gain don neman ƙara, daga nan duk rikicin yake tasowa. Ƙara a miksa ake nemanta. Bayan haka Decay, ɗaga shi kaɗan-kaɗan har amsa ta biyu ta ɓace, ka tsaya nan. In ka zarce, bugun sauri zai riƙa haɗiye wasu. Sai Xtalk, shi ne maganin maƙwabcin da ke amsa kiran da ba nasa ba, kuma a kan mai amsawar ake ɗagawa, ba a kan wanda ka doka ba. Amma kafin ka taɓa shi, raba KD-7 da ƙarfen da sauran ke kai, ka shimfiɗa darduma ko tsohon kafet a ƙasa. Rabin matsalar ta ƙarfe take bi. Noise na ƙarshe, kuma a filin za ka saita shi bayan an kunna manyan sifiku, tunda girgizarsu kaɗai tana iya sa faifai magana babu wanda ya taɓa shi.

Gefen PD-7 ba lalacewa ya yi ba. Makunni ne a wurin, ba piezo na biyu ba, kuma akwatunan Roland irin TD-7 ne suka san yarensa ta waya mai zobe biyu. D4 tsakiya kawai take ji. Haka ramin feda ɗinta, a buɗe ko a rufe kawai ya sani, don haka fedar fiyano ta yau da kullum ta wadatar.

Mantuwa kuwa batiri ne. Akwai ɗan batirin lithium mai 3V a kan allon ciki, ya haura shekara 30 yana aiki. Zare wuta, auna shi, in ya yi ƙasa da 2.7V a canja. A sa masa gidan batirin CR2032 yadda gaba ba sai an kawo dalma ba, a kula da fositif da negetif. Lambobin saitinka kuma rubuta su a littafi.

Mai Gyara Kazaure

Injiniya ya gama magana. Ƙari ɗaya: tunda an buɗe, haska tocila a ƙafafun ramukan jak ɗin nan. Kayan da ke yawo a bayan babur kan hanyar burji, dalmar wurin ce ke fara tsagewa, za ka ga siririn zobe kewaye da ƙafar. Sabunta su duka. Kafasitar da kanta ya kumbura a canja ta da mai lamba ɗaya, mai jure zafin digiri 105. Ramukan da ba ka amfani da su kuma toshe su da tef, in ba haka ba ƙurar hunturu ta cika su, ko zanzaro ya yi gininsa a ciki. Robar faifan tsumma mai ɗan danshi kawai take so. Fetur, kananzir da man juki duk suna cinye ta, zafin ranar Afrilu kuma yana busar da ita har ta daina jin bugu mai taushi, saboda haka a rumfa ake kafa ta.

Ɗan Kalangu Gumel

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni ta wajen kiɗan zan shigo. Malam Sauti, in kana tunanin akwatin nan zai sallami mai kalangu, sauke wannan tunanin. Kalangu a hammata yake magana: ana matsa tsirkiya murya ta hau, a saki ta sauko, har a ja ta tana gangarowa bayan an riga an doka. Da haka yake kiran sunan mutum da kirarinsa. D4 sautin da aka riga aka ɗauka take sakewa, yadda ya shiga haka zai fito. Abin da za ka iya shi ne ka ɗora sauti ɗaya a faifai uku, ka sassaɓa musu Tune, wato kaurin murya: ƙasa, tsakiya, sama. Zai ba ka zubin kiɗan, mata za su taka, amma tsohuwar da ta san kirarin gidansu ba za ta ji an kira ta ba, kuma ba za ta yi liƙi ba.

Inda take da amfani shi ne gindin kiɗa. Sautukanta sun haura 500, kuma na ƙafa da na tsakiyarta suna da nauyin da ke ratsa fili. Mafita 4 gare ta, Main biyu, Aux biyu. Tura na ƙafa shi kaɗai ta Aux zuwa layinsa a miksa, yadda za ka ƙara masa nauyi ba tare da ka dagula sauran ba. Mai kalangu a ba shi makirfo, mai fiyano ya kashe gangar cikin Yamaha ɗinsa, in ba haka ba ganga biyu za su yi ta rigima. Dole kuma a ajiye wa mai bugu ƙaramar sifika a gefensa. Roba ba ta da amo, in daga manyan sifikun da ke nesa yake jin kansa, zai riƙa jan ƙafa a baya. Kada a doke ta da gula, kan gula yana huda roba. Sandunan ganga masu lamba 5A ake so, kuma duk wanda kansa ya fara tsagewa a jefar.

Injiniya Wudil

An bar maganar Simmons. Kamfanin Ingila ne, kuma SDS-V da suka fitar a 1981 ita ta yi suna da wannan kusurwa shida. Tambayi mai kayan ko akwai akwatin sautinsu. Can darajar take, domin sautin nan na diuu da aka san su da shi a akwatin ake ƙera shi, faifan kuwa umarni kawai yake aikawa. In faifai ne zalla, D4 za ta karɓe su, amma muryar D4 za ka ji. Ƙwanƙwasa fuskar da farce. Na farkon fuskarsu tauri gare ta ƙwarai, makaɗa sun yi ta kukan ciwon wuyan hannu, sai a samfuran baya irin SDS-9 ta 1985 aka koma roba. Don aikin biki na awa huɗu, PD-7 ɗinka sun fi su. Na SDS-V kuma ramin XLR gare su irin na makirfo, sai ka haɗa wayar da za ta mayar da shi jak.

Mai Gyara Kazaure

A nan na ɗan saba da Injiniya. In farashin bai fi na faifan roba na yau da kullum ba, ɗauke su ko babu akwatin, masu tara irin waɗannan kaya suna nemansu, kuma ba a ƙera su yanzu. Sharaɗi dai kada ka yi musu fenti, kada ka huda, kada ka yanke ramin asali don ka sa naka, kada ka ɓanɓare takardar lamba. Juya bayansu ka duba tsaga a kusurwoyi da wurin da ƙarfe ke shiga, nan suke karyewa. Akwai katako a cikinsu, don haka kada a jingine su a ƙasan ɗakin da gara ke shiga, rataye su ko ɗora su a kan tebur cikin buhu. In kuma akwatin ya fito daga baya, kada a jona shi a shagon don gwaji sai an karanta farantin wutar da ke bayansa, 110 ne ko 240.

Sauti Ringim

Na gode ƙwarai, Baba, Injiniya, da Malam na Gumel. Waya ce ta tsinke a jikin piezo, kuma milimita 27 ne. Injiniya, wanda na samu a nan 35 ne, zai yi ko in jira mai shiga Kano?

Injiniya Wudil

Zai yi in ya zauna a gurbin bai taɓa gefe ba, sai dai ya fi ba da wuta, don haka rage Gain na wannan ramin. In sai ka lanƙwasa shi ko ka datse gefensa kafin ya shiga, jira na Kano.