Peugeot 504 ta rasa ƙarfi bayan an sauke inji: daga ina za a fara bincike?

Mai Fijo, Zariya: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan Peugeot 504 haɗin Kaduna, ƙirar 1982, mai injin fetur na XN1. An sauke injin, an saka sababbin silif (bututun da fistin ke tafiya a ciki) da fistin da ringi, an goge tof silinda, an kuma canza sarƙar tayimin. Motar tana tashi da bugu ɗaya, tana silo lafiya, ba hayaƙi kuma ba zafi, amma da zarar na saka giya ta huɗu ko na fuskanci hawa, sai in taka totur har ƙasa ba ta amsa ba. Bakaniken da ya yi aikin ya ce kafireta ce ta gaji. Shin in sayi wata, ko akwai abin da ya kamata a duba tukuna?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna, domin abin da aka taɓa shi ake fara tuhuma, kuma kafiretar da ta ja motar kafin aikin ba ta da dalilin gajiya tana ajiye a kan benci. Ka fara da bawul. Idan an goge tof silinda, sannan sabon gasket ya zauna bayan injin ya yi zafi ya huce, ratar bawul takan ragu, bawul ɗin ya kasa rufewa sosai, matsi ya riƙa zurarewa musamman idan inji ya ɗumama. A wannan injin ana barin milimita 0.10 a bawul ɗin shiga da 0.25 a na fita, kuma sai inji ya yi sanyi ake aunawa. A sake ɗaure notocin tof silinda kafin a saita, ba bayan an saita ba. Daga nan a auna matsin silinda huɗun. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake aunawa: idan matsin ya tashi, ringi ne, idan bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Idan kuwa duka huɗun sun yi ƙasa daidai wa daida, to ina zargin an tsallake haƙori ɗaya wajen ɗaura sarƙar tayimin.

Mai Wayarin: Na yarda da Baba, sai dai ina ganin kada a manta da distiributa, wato na'urar da ke raba wa filogi wuta. Injin da wutarsa ta makara yakan yi silo kamar ba abin da ke damunsa, sai an nemi gudu ya gaza. A saita ratar kwantak ɗin da ke cikin distiributa a milimita 0.40, a duba tayimin da fitila, sannan a taka totur a ga ko alamar tayimin tana matsawa gaba. Idan ta tsaya wuri ɗaya, ƙarafunan da ke gaggauta wuta a cikin distiributa sun cije, abin da yakan faru ga motar da ta daɗe a ajiye.

Direban Katsina: Alhaji, ka duba tanki ma. Tsatsa takan toshe matatar mai, fetur ya isa a silo amma ya kasa a hawa. Haka kuma a leƙa a tabbatar maƙogwaro na biyu na kafireta yana buɗewa idan an taka totur har ƙasa.

Mai Fijo, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An duba, an tarar bawul ɗin fita na silinda guda biyu kusan ba rata ko kaɗan, kuma alamar tayimin ba ta motsi. An saita bawul, an wanke distiributa an sa mata mai, yanzu motar tana hawa a giya ta huɗu ba tare da na sauko ba. Matsin silinda huɗun ya zo kusa da juna, saboda haka ba a buɗe sarƙa ba. Saura tanki, wanda za a sauke a wanke a ƙarshen mako.