Fada ta kwashe mana yara

Dattijon Zango:
Jiya Lahadi a majami'a benci uku na samari ba kowa, suna fada, wato dandalin hira da shan shayi na samari. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Uba na fara, ku ba ni kunnuwa,
Bencin samari fayau, ƙura ke ta taruwa.
A 1924 mishan ta SIM ta sauka Damagaram,
Iri ya faɗi kan dutse, ya yi ta tsirowa.
Mu da ƙafa muka zo, ba moto, ba ganga,
Ku an sayo muku jita, kun ƙi leƙowa.
Fada ta kwashe ku, shayi na ɗaya har na uku,
Ƙararrawa na kira, kuna ta kurɓawa.

Ɗan kabu-kabu:
Baba, na durƙusa, a gafarce ni.

Kwana biyu in ban je fada ba,
Sai ka ga an yo ayari ana nema na.
Sun san ciwon tsohuwata, sun san bashin moto,
A majami'a wa ya taɓa tambayar sunana?
Ran biki ake kiranmu mu jido benci,
In an zauna shawara, bakin ƙofa ne wurina.
Wa'azi awa biyu kan askina da wandona,
Na shiga da ƙishi, na fito da ƙishina.

Malamar makarantar Lahadi:
Ku biyun, ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 20.

A Taruwasa Bulus ya ja magana har tsakar dare,
Aftikos na kan taga, barci ya sace shi.
Daga bene na uku ya faɗo, aka ɗaga ba rai,
Bulus bai tsaya faɗa ba, ya sauka wurinshi.
Ya katse wa'azi, ya rungumi yaron.
Baba, naka ya faɗo fada, wa zai ɗauko shi?

Uwar zumunta:
Malama, kada ki zuga shi da yawa. Ɗana, saurara.

Fadar da ta san sunanka, na ji, na yarda,
Ita ce ta miƙa wa ɗan ƙanwata ƙwaya.
Da shayi aka fara, tramol ya biyo,
Yau yana pale, gungun 'yan daba, uwarsa na kuka ita ɗaya.
Mu ma iyaye da namu laifin,
Mun jibge wa fasto yara mun juya baya.
Timoti a gida ya sha, gun kaka Loyis da uwa Afiniki,
Awa biyun Lahadi ba sa renon ɗa ko ɗiya.

Ɗalibar jami'a:
Ran Juma'a, 16 ga Janairu 2015,
Ina 'yar shekara goma aka ƙona majami'armu.
Maƙwabcinmu musulmi ya kulle mu a ɗakinsa,
Matarsa ta dama fura ta ba mu.
Da wuta ta mutu, su wa suka kwashe toka?
Samarin da ake zagi ne, Baba, yayyenmu.
Ba wanda ya rama, ruwa suka turo a kura,
A garin da ruwa ke wuya, suka ɗaga ginin namu.
Hannun da ya iya toka zai iya mabuɗi,
Mu yi kuskure kuna kusa, ku gyara mu.

Dattijon Zango:
Jikata, kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Markus ya gudu ya bar aiki a Bamfiliya,
Bulus ya ce ba ya tafiya da shi kuma.
Barnaba ya ja shi Kubrus, bai yar da shi ba,
Daga baya Bulus ya aika a kawo shi, shi ma.
Mabuɗin asusu dai sai na ga kamun ludayinku,
Karatun Laraba kuwa na bar muku, ku kama.
Kai mai moto, ina fadar taku take?
Alhamis ina tafe, a shimfiɗa mini tabarma.

Ɗan kabu-kabu:
Bayan tasha take, Baba, ni zan ɗauko ka,
Ba ko dala, amma ka riƙe ni da kyau.
Shayin farko akwai ɗaci, kada ka ce ban faɗa ba,
Zancen aski da wando kuwa, a binne shi tun yau.