Garaya a cikin majami'a: ta halatta ko a bar ta a waje?

Bitrus: Salama gare ku. Ni ne na kaɗa garaya ranar godiyar kaka lokacin ba da baiko, kuma na ga Baba Dattijo ya ɗauki sandarsa ya fita. Tun ranar ban samu natsuwa ba. Ra'ayina shi ne garaya tana da wuri a sujada kamar yadda jita take da shi. Zabura 150 ta ce a yabi Ubangiji da garaya da sarewa da kuge. Dawuda ma da kiɗa yake kwantar wa Saul da hankali in mugun ruhu ya taso masa. In na yi kuskure a nuna mini.

Malam Yohanna: Bitrus, a yi hattara da wannan hujja. Abin da Dawuda ya kaɗa mai tsirkiya da yawa ne, tamu garayar biyu gare ta. Masu fassara sun ɗauki sunan da Bahaushe zai gane ne, ba wai irin ta maharba da 'yan bori ce a hannunsa ba. Ayar ta halatta kiɗa, ban musa ba, amma ba ta yanke mana wannan shari'ar ba.

Mama Saratu: To Malam, in don asali ne, ina aka haifi jita? Ba a wuraren rawa muka fara ganinta ba? Mu a Zumuntar Mata tulu muke bugawa da kacau-kacau, ba wanda ya taɓa fita. Kakata a Babbar Ruga ta ji bishara, lokacin da 'yan mishan ke jinyar kutare a can. Har ta rasu ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma ayoyin da ke kanta sun fi nawa yawa, duk ta hanyar waƙa da amshi. Tana daka tana rerawa, maƙwabta na ji.

Rifkatu: Mama ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ina son Littafin Waƙoƙi, da shi na tashi. Amma yawancin karin da ke ciki daga Turai da Amurka aka kawo, aka ɗora masa Hausa. Harshenmu kuwa da hawa da saukar murya yake rarrabe kalma. Sai ka ji karin ya ja kalma sama inda ya kamata ta sauka, tsohuwa daga ƙauye ta kasa gane abin da ake faɗa. Ranar da Yaya Bitrus ya kaɗa, matan da ke bencin baya waɗanda ba sa buɗe baki su ne suka fara amsawa. Da idona na gani.

Dattijo Ishaya: Bitrus ɗana, ba fushi ne ya fitar da ni ba. Bari in faɗa muku abin da yawancinku ba ku sani ba.

A gidan Maguzawa aka haife ni, a ƙasar Malumfashi. Mahaifiyata 'yar bori ce. In za a yi wasa, mai garaya yakan zauna a kan tabarma, masu buta suna gefensa suna kaɗawa. Kowane iska da takensa. Na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban. Ina yaro ina riƙe da gefen zanenta, da an juya kiɗa zuwa taken nata sai in ji jikinta ya fara rawa, idonta ya juye, ta faɗi. Muryar da ke fita daga bakinta ba tata ba ce. Ranar da ta karɓi Yesu, da hannunta ta kwaso kayan tsafinta aka ƙone a bayan gida.

Ranar Lahadin nan, da ka zo wajen amshi, ka yi wani juyi da yatsa. Na san wannan juyin. Kalmominka na yabon Allah ne, amma ni ba su na ji ba, ƙurar filin nan na ji a hancina. Shekaruna sun haura saba'in, sai da gwiwata ta yi sanyi.

Bitrus: Baba, ban sani ba. A wurin wani tsoho maharbi na koya, abin da ya nuna mini shi nake yi. Ka gafarce ni.

Malam Yohanna: Wannan shi ne abin da Bulus ya yi magana a kai a 1 Korintiyawa 8. Gunki ba kome ba ne, amma in naman da zan ci zai sa ɗan'uwana tuntuɓe, na haƙura da shi. A ajiye garayar kawai.

Mama Saratu: A'a Malam, ban yarda a ajiye ba. Baba bai ce icen ko fatar ne suka dame shi ba, taken kiɗan ya ce. In muka jefar da duk abin da aka taɓa yi wa iskoki hidima da shi, har ganga sai ta tafi, har tulun namu. Kuma ku tuna da fita bishara. 'Yan Sabon Rai in sun shiga ƙauye, da me suke tara mutane kafin mai wa'azi ya buɗe baki? A garin nan sau nawa aka ce mana addinin baƙi muke yi? Mu Hausawa ne gaba da baya. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da harshenmu, a 2023 'yan'uwanmu Katolika suka samu bishop Bahaushe a nan Katsina, Gerald Mamman Musa. Sai kiɗanmu ne kaɗai zai tsaya a bakin ƙofa?

Rifkatu: Amma Mama, mu matasa ba mu san wane take ne na wa ba. Yau Baba ne ya gane. A ƙauye kuwa, inda har yanzu akwai masu yi, me za su ɗauka muna kira?

Dattijo Ishaya: Tambayar 'yata ita ce tawa. Bitrus, ka zo gida ranar Alhamis da yamma, ka taho da garayar. Ka kaɗa mini duk abin da tsohon nan ya koya maka, ɗaya bayan ɗaya, in nuna maka waɗanda na sani. Zan sa a kira ƙanwata ma, ta fi ni riƙe su. Batun Lahadi kuwa, ban amsa ba tukuna.